Hoto da Sutura a Karkarar Arewacin Kano: Daga Akwatin Bature Zuwa Wayar Tela

Gabatarwa

Manufar wannan lacca ita ce bin tarihin yadda sana'ar ɗaukar hoto ta haɗu da sana'ar sutura a ƙauyukan da ke arewa da birnin Kano, watau ƙasashen Ungogo da Minjibir da Gezawa da Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta. A yau ana iya samun tela a bakin kasuwar ƙauye, ko matar aure mai keken ɗinki a cikin gida, suna ɗaukar hoton abin da suka ɗinka da wayar hannu domin su nuna wa mai saye da ke nesa. Mai kallo zai zaci wannan sabon abu ne da ba shi da asali. Amma idan aka waiwayi baya za a tarar yana da saiwa biyu masu zurfi. Ta farko ita ce daɗaɗɗiyar buƙatar mai tufa ta ya nuna hajarsa ga wanda bai taɓa ta da hannu ba. Ta biyu kuwa ita ce shekaru fiye da ɗari da mutanen wannan yanki suka yi ana ɗaukarsu a hoto, alhali na'urar tana hannun wani. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wanda ya riƙe kyamara shi ne yake zaɓar suturar da tarihi zai tuna, kuma sai a wannan zamani ne zaɓin ya faɗo hannun masu sana'ar su da kansu.

Ƙasar da Masaƙanta

Yankin da ake magana a kansa wani ɓangare ne na ƙasar nan mai cunkoson jama'a da ta kewaye birnin Kano, wadda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya nazarta tun daga shekarun 1960, lokacin da yake koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ƙasa ce da gona take manne da gona, ana noma ta kowace shekara ba a barin ta ta huta. Abin da ya riƙe ta shi ne taki, wanda ake tarawa a turken dabbobi ko a ɗauko daga birni a kan jakuna, bayan an kai itace an sayar. Da yake gonar mutum ɗaya ƙarama ce, damina kuma ba ta wuce wata huɗu ko biyar ba, tilas kowane gida ya nemi sana'ar rani. Babbar sana'ar ranin kuwa, tun kafin zuwan Turawa, ita ce ta tufa.

Aikin a rarrabe yake, kowa da nasa. Manomi ya shuka auduga da baba. Mata su gurje audugar, su yi shiɓa, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya miƙe zarensa a gindin bishiya ya saƙa ƙwarya-ƙwarya siririya, mata kuma su saƙa gwado mai faɗi a cikin gida. Daga nan sai marina, inda ake tsoma tufa a karofi har ta sha shuni, sai mabuga, inda ake bugun ta a kan gungume har ta riƙa ƙyalli. A ƙarshe maɗinki ya harhaɗa riga, mai aikin allura ya zauna wata da watanni yana fitar da aska biyu ko aska takwas a ƙirjinta. Garin Minjibir ya yi suna da saƙa, kamar yadda Kura ta kudancin birni ta yi suna da rini da bugu. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya ɗauki sunan Abdulkarim, ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851, kuma ya ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar Kano take fitarwa waje a shekara sun kai aƙalla na wuri miliyan 300, ana kai su har Gat da Murzuk da Tarabulus da Tambutu. Binciken da Philip Shea ya kammala a 1975 ya ƙara tabbatar da cewa mafi yawan wannan aiki a garuruwa da ƙauyukan karkara ake yin sa, birni kuwa shi ne matattara da kasuwa.

Cinikin da ya yi nisa irin wannan yana da matsala guda: yaya mai saye zai amince da abin da ke cikin ƙunshi? Malaman fiƙihu sun riga sun yi magana a kan haka. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, kuma wanda ake karantawa a zaurukan ilmi na ƙasar Hausa, ya halatta sayen dilar tufafi bisa takardar da ta bayyana sifar abin da ke ciki. Haka kuma ya hana sayen tufar da ba a warware ba, ba a kuma siffanta ta ba, ko a saye ta cikin duhun dare inda ba a iya duba ta. Saboda haka dillali a Kasuwar Kurmi yakan fito da riga sarari, ya warware ta, ya juya ta a rana. Dillaliya kuma takan shiga gida-gida da ƙunshinta ta shimfiɗa wa matan kulle a tsakar gida. Haske, da warwarewa, da faɗin sifa ta gaskiya, su ne sharuɗɗan nuna tufa tun wancan lokaci, kuma za a sake cin karo da su a ƙarshen wannan bayani.

Zuwan Akwatin Hoto

An bayyana fasahar ɗaukar hoto ga jama'a a birnin Faris a 1839. Duk da haka Barth da alƙalami ya zana Kano daga kan Dutsen Dala, domin kayan aikin hoto na lokacin ba su jure tafiyar raƙumi. A bakin teku ne 'yan Afirka suka fara riƙe sana'ar. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 akwai irin su Jonathan Adagogo Green a Bonny da George Da Costa a Ikko. A Kano kuwa akwatin hoto ya zauna sosai ne tare da sojan Ingila, waɗanda suka shiga birnin ran 3 ga Fabrairu, 1903, a ƙarƙashin Kanar Morland. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari jim kaɗan bayan haka, kuma a can ne masu hoto 'yan kudu suka riƙa buɗe shagunansu.

Idan mutum ya duba hotunan wannan zamani, irin waɗanda ke rataye a Gidan Makama ko waɗanda ke cikin littattafan Turawa, zai lura da abin da mai ɗauka ya fi so. Akwai sarki da rawani mai kunne biyu da alkyabba, akwai hakimai da dogarai da 'yan lifidi, musamman a manyan hawan daba irin wanda aka yi wa Yariman Wales a Kano a 1925. Akwai ganuwa da ƙofofi da Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata. A ƙarshen 1930 wani matuƙin jirgin sama ɗan ƙasar Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya sauka Kano ya ɗauki birnin ta sama da ta ƙasa, hotunansa kuma suna ajiye a Zurik. Mutumin ƙauye yakan fito a irin waɗannan hotuna, amma a matsayin misali: wani masaƙi, wani manomi, wata mai tallar nono, ba suna, ba gari. Rigar da aka saƙa a Minjibir ta shiga tarihi a jikin hakimi, wanda ya saƙa ta kuwa ya tsaya a bayan fage. Daga baya, da aka fara ɗaukar ƙasa ta jirgin sama domin zana taswira, gonakin wannan yanki sun shiga hoto da iyakokinsu da itatuwansu ɗaya bayan ɗaya, a lokacin da yawancin masu noma su ba su taɓa tsayawa gaban mai hoto ba.

Akwai wani gargaɗi ga mai nazarin sutura da waɗannan hotuna. Farantan gilashi da fina-finan farko ba su jin kowane launi daidai. Suna jin shuɗi da sauri, ja kuwa kusan ba su ganin sa. Don haka jan alharinin da ake kawowa daga Tarabulus, wanda ake saƙa barage da shi, yakan fita baƙi ƙirin, shuɗi mai haske kuma ya fita kamar fari. An fara sayar da farantin da ke jin dukkan launuka a 1906, amma ya ɗauki shekaru kafin ya zama ruwan dare. Wanda ya ga jar dara ta zama baƙa a tsohon hoto, ya sani na'ura ce ta sauya ta. Tun farkon al'amari ke nan kyamara tana da nata son rai game da launin tufa.

A daidai lokacin da hoto yake shigowa, ita kanta tufar tana sauyawa. Turawa sun shimfiɗa hanyar jirgi da fatan kwasar auduga zuwa masaƙun Lankasha, sai suka tarar masaƙan Kano suna biyan manomi kuɗin da ya fi nasu. Manoma suka juya ga gyaɗa tun daga 1912. Kuɗin gyaɗar nan ne kuma ya buɗe ƙofa ga akoko da alawayyo da atamfa na kantunan Turawa, waɗanda a hankali suka riƙa cin kasuwar saƙi.

Matsayin Malamai

Ba a karɓi hoto hannu bibbiyu ba. Jama'a da yawa sun ɗauke shi a cikin surar da addini ya yi hani da ita, wasu kuma suna ƙyamar sa don abin Nasara ne. Amma mazhabar Malikiyya ta bambanta gunki mai jiki, wanda yake da inuwa, da zanen da ke shimfiɗe a kan takarda ko tufa, ta tsananta a kan na farko, ta sassauta a kan na biyu. A Masar kuma Shaihu Muhammad Bakhit Almuɗi'i, wanda ya riƙe muƙamin Mufti daga 1914, ya rubuta risala yana halatta hoton kyamara, bisa hujjar cewa tsare inuwar abin da Allah ya halitta ne kawai, kamar yadda madubi yake nuna fuska. Saɓanin bai ƙare ba, domin har yanzu akwai malaman da ba su yarda da hoto ba sai don lalura. Sai dai a aikace abubuwa biyu sun tausasa zukata. Na farko, hotunan shaihunai, musamman na Shaihu Ibrahim Inyas na Kaulaha, wanda alaƙarsa da Kano ta ƙullu bayan haɗuwarsa da Sarki Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937. Na biyu, hotunan 'yan siyasa, irin na Sardauna da na Malam Aminu Kano, waɗanda suka shiga zauruka a shekarun 1950. Wanda ya rataye hoton shaihinsa ko na jagoransa a ɗaki, da wuya ya ƙi tsayawa a ɗauki nasa.

Mai Hoto Ya Shiga Ƙauye

Hukuma ce ta fara tilasta wa talaka hoto. Fasfon aikin hajji yana buƙatar sa, kuma da tafiya ta jirgin sama ta yawaita, har alhazan Nijeriya suka haura dubu 100 a 1977, dattawa da yawa na karkara sun zauna gaban kyamara a karo na farko. Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya ƙara yawan takardun shaida da fom-fom masu neman a manna hoto. Mai hoto na wannan zamani yakan kafa akwatinsa mai ƙafa uku kusa da ofishin En'e ko kotu ko tasha, ya rataye ƙyalle a bango, ya cusa hannu cikin akwatin ya wanke hoton nan take. Wannan hoto daga kafaɗa zuwa hula yake tsayawa, don haka abin da ya adana na sutura kaɗan ne.

Hoton ado ya biyo baya. Daga shekarun 1970 zuwa na 1990, lokacin kuɗin mai da bayansa, mai hoto yakan zo a kan keke ko babur ranar kasuwa, ko ranar Salla, ko wurin biki da suna. Ya ɗauka, ya karɓi kafin alƙalami, ya kai fim birni a wanke, ya dawo bayan mako guda ko biyu. Da yake fim ɗaya bai wuce ɗauka 36 ba, kuma kowace ɗauka kuɗi ce, ba a tsayawa gabansa sai an shirya. Saurayi ya aro agogo da tabarau, ya jingina da rediyo ko babur ɗin abokinsa. 'Yan mata su jeru da atamfa iri ɗaya, da ɗaurin ture-ka-ga-tsiya, da lalle a hannu. Waɗannan hotuna, da ke cikin albam da ƙasan akwati da jikin bangon ɗakin amare, su ne shaidar farko da mutanen karkara suka bayar game da kansu, yadda suke so a gan su.

Amma shaida ce mai gefe guda. Ba wanda yake biyan kuɗi a ɗauke shi da rigar noma ko da bante ko da tsohon gwado. Abin alfahari a lokacin shi ne yadin kanti: atamfar masaƙun Kaduna, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1957, da ta masaƙun Kano, da shadda da leshi da ake sarowa a Kantin Kwari. Saƙi ya zama kayan tsofaffi. Matan aure da ke kulle kuma ba safai namiji baƙo yake ɗaukarsu ba, sai suturarsu ta yau da kullum ta kuɓuce wa hoto. Ga shi kuwa a cikin waɗannan shekaru ne lulluɓi ya sauya daga zane da gyale zuwa hijabi, tare da yaɗuwar makarantun Islamiyya.

A wasu wurare an sami waɗanda suka ɗauki adana ado a matsayin aiki na musamman. Seydou Keita, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, ya bar dubban hotunan da a yau ake nazarin tufafin Mali da su. A Ikko, J. D. Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara kusan hoto dubu. A Zariya, David Heathcote ya nazarci aikin allura na rigunan Hausa, ya kuma shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Darasin da ke cikin aikinsu shi ne, ado abu ne mai saurin wucewa, wanda ba a ɗauka da gangan ba kuwa yakan ɓace ba a sani ba.

Zamanin Dijital

Wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975. A irin wannan kyamara babu fim. Haske yana sauka a kan wani ɗan faranti na lantarki mai miliyoyin ɗigo, kowane ɗigo ya auna hasken da ya same shi ya mai da shi lamba, lambobin su taru su zama hoto. Fasahar ta cinye kasuwar fim har kamfanin Kodak ɗin kansa ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012. A Nijeriya wayar salula ta fara aiki a watan Agusta na 2001, kuma cikin shekaru kaɗan waya mai kyamara ta cika kasuwar Farm Centre ta Kano, daga can ta bazu ƙauyuka. A nan ma hukuma ta yi rawar da ta saba: rajistar masu zaɓe ta farkon 2011, a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, ta kai kwamfuta da kyamara mazaɓa-mazaɓa, aka ɗauki maza da mata.

Kafin wannan kuma idon jama'a ya riga ya saba da kallon ɗinki a hoto. Finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda ake lissafa farkonsu daga Turmin Danya na 1990, da mujallu irin su Fim da ta fara fitowa a 1999, da manyan takardun nan masu jerin samfurin ɗinki da teloli suke mannawa a bangon shago, duk sun koya wa mai kawo ɗinki ya nuna da yatsa ya ce irin wannan yake so. Sai dai duk waɗannan daga birni suke zuwa ƙauye. Abin da waya ta kawo, musamman bayan yaɗuwar Facebook da WhatsApp da Instagram, shi ne hanyar da hoto zai tashi daga ƙauye ya nufi birni.

Wannan ya fi muhimmanci ga mata. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa a 1967 da kuma Dorayi a farkon shekarun 1970, ta nuna cewa matan kulle na karkara suna gudanar da babban ciniki daga cikin gida, yara 'yan talla suna zama ƙafarsu, dillalai suna zama bakinsu. Yanzu hoto ya karɓi wani kaso na wannan aiki. Mai ɗinkin hula ko mai saƙa ko mai surfani tana iya nuna aikinta ga 'yar'uwarta da ke aure a Kaduna, da ƙawayen 'yar'uwar, ba tare da ta taka ƙofar gida ba.

Abin da Mai Sana'a Yake Koya

Mallakar waya daban, iya ɗaukar tufa daban. Ilmin da ake buƙata bai da yawa, amma kowane babi nasa yana da dalili.

Babi na farko haske ne. Kano tana kusa da digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka da tsakar rana hasken yana saukowa daga tsakar ka, ya jefa inuwar hula a ido, ya ƙone farin yadi. Hantsi da bayan la'asar sun fi, ko kuma inuwar katanga da bakin zaure, inda haske yake shigowa ta gefe guda a tausashe. Inuwar darbejiya takan yi wa riga dabbare-dabbare. Hazon hunturu yana tausasa haske, amma ƙurarsa tana dusashe idon kyamara, sai an goge. Hasken gefe yana da wani amfani: furen shadda a cikin saƙar yake, launinsa ɗaya da jikin yadin, ba ya fitowa sai haske ya goge shi a karkace. Haka ƙyallin bugu a jikin kore ko turkuɗi, da tudun zare a aikin aska. Fitilar kyamara da ke bugun tufa gaba da gaba tana shafe duk wannan.

Babi na biyu shi ne farar riga a jikin baƙin mutum. Ma'aunin haske na kyamara an gina shi ne ya mai da duk abin da ya gani matsakaici, tsakanin fari da baƙi. Idan farar shadda ta cika hoto sai ya rage haske, rigar ta koma toka-toka, fuska ta nutse. Wannan tsohuwar matsala ce, domin tun zamanin fim mai launi katin gwajin da Kodak yake raba wa masu wanki hoton Baturiya ne, da fatarta ake daidaita injin. Kamfanin da ke yin wayar Tecno ya sami kasuwa a Afirka, a wani ɓangare, saboda ya gyara kyamararsa ta dace da baƙar fata. Duk da haka mai ɗauka yana bukatar ya taɓa fuskar a jikin allon waya, ya ɗaga haske ko ya rage da hannunsa, har fuska ta fito, zaren aiki kuma bai ɓace ba.

Babi na uku launi ne. Jar katanga tana watsa wa farin yadi ja, fitila mai caji tana watsa masa shuɗi. Wanda ya ajiye farar takarda kusa da tufa ya duba ko ta fita fara, ya sami ma'auni. Saƙi mai ƙananan ratsi yakan rikita ɗigon kyamara, sai wasu igiyoyi masu kama da ruwa su bayyana a hoto alhali babu su a jikin tufar. Matsawa gaba ko baya kaɗan yana kawar da su. Manhajojin aika saƙo kuma suna matse hoto don ya yi sauƙin tafiya, sai ƙananan aiki su dusashe, shi ya sa ake haɗa hoton riga gaba ɗaya da wani na kusa wanda ya nuna wuya da aljihu da bakin hannu.

Babi na huɗu tsayuwa da shiri. Idon kyamarar waya mai faɗi ne, idan an matso kusa yakan kumbura abin da ke gabansa, kai ya yi girma, ƙafa ta tsuke. Gyaran shi ne a ja da baya, a riƙe wayar daidai ƙirji, a miƙe. Babbar riga tana da hali biyu, a buɗe ta don a ga faɗinta da aikinta, sa'an nan a naɗe hannuwanta a kafaɗa yadda ake sa ta. Karin guga, da karin hula, da zaman ɗankwali, da bango marar tarkace a baya, duk suna cikin aikin. Mata da yawa sukan rataye ɗinkin ko su sa wa mutum-mutumin shago, ko su yanke hoton daga wuya, don kiyaye kunya da mutunci. Neman izinin wanda aka ɗauka kafin a watsa hotonsa wajibi ne, domin hoton da ya fita daga waya ba ya komowa.

Babi na ƙarshe shi ne gaskiya. Waya tana da hanyoyin ƙara wa launi kauri da goge aibi da haskaka fata. Tela na iya ɗauko hoton aikin wani ya ce nasa ne. Duk wannan algus ne da sabon kaya, hukuncinsa kuma tsoho ne. Mai saye ta waya yana cikin haɗarin cinikin biri a sama, abin da ke tsare shi kawai shi ne hoton ya zama sifa ta gaskiya, kamar takardar dilar da Risala ta yi magana a kanta. Wanda ya aika shuɗi a hoto ya kawo kore a leda, ya sayar sau ɗaya ke nan.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna matakai uku. A na farko baƙo ne ya riƙe kyamara, ya ɗauki sarauta ya bar masaƙi. A na biyu mai hoto na haya ne ya riƙe ta, mutane suka nuna masa kayan Salla suka ɓoye na kullum. A na uku ta shiga hannun mai sana'a. Sai dai ta iso ne a lokacin da masaƙun zamani na Kano da Kaduna suka durƙushe tun daga ƙarshen shekarun 1990, yadin Sin ya cika kasuwa, masaƙan gargajiya kuma suka ragu ƙwarai, yawancinsu dattawa.

Saboda haka akwai aiki biyu a gaban matasan da ke koyon wannan fasaha a Bichi ko Ɗambatta ko Minjibir. Ɗaya na neman abinci ne, watau su nuna ɗinkinsu da kyau da gaskiya. Ɗayan kuwa na adana tarihi ne. A cikin adakar tsofaffi har yanzu akwai saƙi da barage da tsamiya da luru da gwado, akwai kuma waɗanda suka san sunan kowane ratsi da garin da aka saƙa shi. Ya kamata a fito da su a warware a haske, a ɗauke su gaba da baya da kusa, a rubuta sunan tufar da na masaƙin da garinsa da shekarar da aka saye ta. Haka tsofaffin hotunan albam, waɗanda damshi da gara suke ci, a sake ɗaukarsu a rubuta sunayen mutanen ciki tun masu gane su suna raye. Hoton waya shi ma yana ɓacewa ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta, don haka sai an ajiye shi a wuri fiye da ɗaya, an kuma wanke muhimmai a takarda. Sassan tarihi da na harsunan Nijeriya a jami'o'in Kano, tare da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, su ne suka fi cancanta su karɓi irin wannan tari su tsara shi, domin ɗalibin da zai zo nan gaba ya sami suturar karkarar Kano da sunayen waɗanda suka yi ta.